Yadda Godiya Ta Cinye Wa'azin Kawu

Kawuna mai walda ne. In ka ji shi a rediyo za ka rantse wani babban malamin coci ne mai kwat da gilashi, amma mutumin da ke maganar gajere ne, kakkaura, hannuwansa duk tabon tartsatsin wuta. Shagonsa yana bakin titi, tsakanin mai faci da ɗakin aski. Ƙofofin ƙarfe yake yi, da tagogi, da gadaje, da gyaran duk abin da ya karye aka kawo masa. Shekarun da ya yi yana magana a kan ƙarar janareta da injin yankan ƙarfe sun cinye masa rabin kunne, suka bar masa murya. Kawu bai iya raɗa ba. In ya ce zo in gaya maka sirri, to mai aski da wanda ake yi wa askin sun riga ka ji.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na tashi. Na yi makaranta har inda ni da ita muka gaji da juna, na gwada waldar na ga ba ta shiri da idona, yanzu haya nake yi da babur. Duk inda Kawu zai je ni ke kai shi, kuma da albarka yake biyana, wadda har yau gidan mai ba su fara karɓa ba.

A cocinmu Kawu ba fasto ba ne, ba kuma dattijo ba. Shi ne dai mai buɗe ƙofa, mai haɗa bencin da ya karye, mai zuwa duba marasa lafiya. In Fasto ya yi tafiya akan ba shi wa'azi, mutane kuma suna so, don ba ya kawo kalmar da sai an tambayi ma'anarta. Daga shagonsa yake ɗauko misali. Zai ce ya taɓa ƙoƙarin haɗa ƙarfe biyu bai kankare tsatsar ba, suka kama kamar gaske, da aka rataya ƙofar sai ga ta a ƙasa. Daga nan ya gangaro kan mata da mijin da suka shirya a baki, zuciya ba ta yafe ba. Kowa sai ya sunkuyar da kai, har da marasa aure.

Rediyo ya shigo rayuwarsa ne ta ɗakin Kaka, mahaifiyarsa. Ɓarin jikinta ya shanye, ta daina zuwa coci, ta koma ɗakin baya a kan gadon da Kawu ya haɗa mata da ƙarfen riƙewa a gefe. Muka saya mata ƙaramin rediyo, ta ɗaure bayansa da roba don batirin yana zubowa. Ba a jima ba ta fara ƙorafi. Ta ce duk masu wa'azin da take ji da masu ƙafafu suke magana: ku taso, ku zo, ku cika fili. Ba wanda yake magana da mutumin da yake kwance yana kallon silin. Kawu ya ji wannan ya kwana da shi, ya tashi da shi. Da ya karɓi kuɗin wata babbar ƙofa da ya yi, bai biya ta gida ba, ya ce in kai shi gidan rediyo.

Ƙaramin gidan rediyo ne a saman bene, ƙasansa ana sayar da katifa. Ya sayi kwata ɗaya, wato minti goma sha biyar na magana, ranar Lahadi da yamma. Ɗakin da ake magana bangonsa duk soso ne, da tebur, da makirufo, da gilashi wanda mai kula da na'ura yake zaune a bayansa. Injiniya muke ce masa, siriri ne mai yawan hamma. Ranar farko da Kawu ya ce salama a gare ku, Injiniya ya fizge abin kunnensa kamar kunama ta harbe shi. Aka dinga ja da kujerar Kawu baya har ta kusa ƙofa, sannan na'urar ta yarda da shi.

Watanni Kawu yana biyan kwatar nan daga aljihunsa. Matarsa ta yi magana, ta gaji, ta koma kallonsa kawai in ya ɗauko kuɗi. Shi kuwa in jar fitilar fara magana ta kama sai ya ce yana gaida masu kwance, da masu jinyarsu, da wanda barci ya ƙi. Ya buɗe Maganar Allah, ya karanta aya a hankali yana bin ta da yatsa, ya yi bayani, ya yi addu'a. Kaka ta ce yanzu ta sami coci.

Wata rana wata mai sayar da gawayi ta tsaya a ƙofar shago, ta kwance bakin zaninta, ta miƙo wa Kawu 'yan kuɗi. Ta ce mijinta yana kwance, ba ya yarda a taɓa rediyo ranar Lahadi, wannan a ƙara a kuɗin iska, wato kuɗin da ake biyan gidan rediyo. Kawu ya riƙe kuɗin kamar an ba shi jariri. Ranar Lahadi kafin ya buɗe littafi ya ce sai ya gode wa wata baiwar Allah.

A nan ne abin ya samo asali, don Kawu bai iya ambaton mutum ya wuce ba. Ya gode wa Mai Gawayi, ya gaida mijinta, ya tambayi gwiwarta da ya ga tana ɗingisawa, ya yi wa 'ya'yanta addu'a, ya roƙi Ubangiji ya kare gawayinta daga ruwan sama. Washegari matar nan ta shiga kasuwa kamar an naɗa ta sarauta. Ko wanda bai da murhu sai da ya zo ya ce mata mun ji ki.

Kafin wata ya zagayo shagon Kawu ya zama wurin karɓar gudummawa. Tela ya kawo, mai wanki da guga ya kawo, malamar makaranta ta aiko ɗanta, zumuntar mata suka haɗa nasu. Ba zan ce duk don suna suka bayar ba, akwai masu bayarwa da hawaye. Amma na ga wanda ya miƙa kuɗi sannan ya maimaita sunan shagonsa har da kwatance, kusa da famfo, mai koren fenti. Kawu ba ya rubuta kowa. A kansa yake ajiye su, kuma kowane suna yana zuwa da jelarsa: wane da aka yi wa aiki a ido, wance da ɗanta ya ci jarrabawa, wane da akuyarsa ta ɓata.

Hidima ta buɗe. Kwata ta zama rabin awa. Fasto ya kafa kwamiti, aka sa wa masu bayarwa suna Abokan Hidima. Sai ga Mai Kemis, mutum mai shagunan magani da tumbi daidai gwargwado, ya ce shi zai ɗauki nauyin sa shirin a wani gidan rediyo na garin da ke gaba da mu. Injiniya yakan naɗi shirin ya ba ni in kai can. Mutane suka fara bugo waya daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Coci ta cika har Kawu ya haɗa sababbin benci. Kwamiti suka fara zancen gidan rediyo na uku, da sayen na'urar naɗar murya tamu ta kanmu. Kawu ya bar wa yaransa shago, ya koma yawo da jaka.

Ni da nake zama a kusurwar ɗakin soso ina kallo, na ga abin da yake faruwa tun kafin ya gani. Da, godiya tana zuwa ne kamar gaisuwar bakin ƙofa, sannan a shiga ciki. Yanzu gaisuwar ta shige falo ta miƙe ƙafa. Kowane sabon Abokin Hidima yana ƙara wa shirin kuɗi, yana rage masa wuri. In Injiniya ya fara juya yatsa a bayan gilashi alamar lokaci ya kusa, sai Kawu ya buɗe littafi da sauri, ya karanta rabin aya, ya ce amin.

A cikin haka ya fara labarin annabin nan da aka aika wani gari ya gudu ya shiga jirgin ruwa. Makon farko ya shigar da shi jirgi. Mako na biyu hadari ya taso, aka jefa shi ruwa, kifi ya haɗiye shi, Injiniya ya juya yatsa. Kawu ya ce mako mai zuwa za mu ga yadda ta kaya. Mako mai zuwa ya zo da sababbin sunaye. Ya ce ɗan'uwanmu yana nan cikin kifi ba mu manta da shi ba, amma bari mu fara gaida Mai Kemis da iyalinsa. Kafin ya gama da surukar tela lokaci ya ƙare. Na gaba ma haka, da wanda ya biyo shi.

Abin ya zama abin dariya a gari. Fasinjojina suna hawa babur za su tambaye ni ko mutumin ya fito. Ina ce musu ya kama haya a ciki, yana neman mai yi masa taga. Yara in sun hango Kawu sai su ce Baba, ya mutumin kifi? Shi kuwa yana jin daɗi, a ganinsa wannan shaida ce ana sauraro.

Wata Lahadi da muka dawo ya leƙa ɗakin Kaka kamar yadda ya saba. Rediyon yana ƙasa a kashe, kusa da kwanon maganinta. Ta dube ni ta ce mai gidana, yau ma ka kai shi kasuwa kun dawo? Na ce ni direba ne, ba ruwana da kayan da aka ɗora mini.

Kawu ya zauna a bakin gado ya ce, "Inna, ba ki ji shirin ba?"

"Na ji. Na san wanda ya buɗe sabon shago, na san wadda ta haihu. Gwiwar Mai Gawayi ma na fi mijinta sanin halin da take ciki."

"Su ne ke biyan iskar, Inna."

"To su biya, Allah Ya saka musu. Ni dai na bar mutum a cikin kifi, kullum in na rufe ido sai in gan shi a duhu, ga wari, ba ya iya juyawa. Ka san wa yake tuna mini?" Ta buga ƙarfen gadonta da hannunta mai lafiya.

Kawu ya ce bari ya ƙarasa mata labarin yanzu yanzu, ya miƙa hannu zai ɗauko littafi. Ta ce kada ya soma. Ta ce ita ta san ƙarshen labarin tun kafin a haife shi, ba labari ta rasa ba. Kuma ba ita kaɗai ce a kwance ba a faɗin ƙasar da muryarsa take kaiwa. In zai fito da mutumin, ya fito da shi a inda ya saka shi.

Kawu ya janye hannunsa, ya tashi ya fita. Ko abinci a hankali ya tauna.

Ya kai maganar gaban kwamiti bayan sujada. Fasto mutum ne mai hankali, bai yi faɗa ba. Ya ce gaskiyar Kaka gaskiya ce, amma gidan rediyo ba ya karɓar gaskiya a madadin kuɗi, kuma yanzu gari biyu ke jin bishara saboda mutanen nan. Ya ba da shawara a riƙa jero sunaye kawai, ba gwiwa, ba akuya. Kawu ya gwada mako ɗaya. Ya fara kamar malami mai kiran suna a aji, yana gumi, yana danne kansa. Da ya iso kan Mai Gawayi sai bakinsa ya kufce ya ce ya ƙafar dai, shi ke nan ya zame. Waɗanda aka kira a bushe kuma suka yi fushi, wai an nuna bambanci.

Daga nan ya yanke shawararsa. Ba zai ƙara kiran sunan kowa a iska ba. Duk wanda ya bayar, shi da kansa zai je har gida ya gode masa. Da na ji haka na duba tayar babur ɗina, na tausaya mata. Matarsa ta tare shi a tsakar gida tana wanke-wanke, ta ce ya tuna ya saki shago, ga yara a makaranta, in mutanen nan suka janye daga wane aljihu za a biya rabin awa a gari biyu? Ya ce Maman yara, ban sani ba. Ta ce to aƙalla yau ka faɗi gaskiya a taƙaice.

Ranar Lahadi jar fitila ta kama. Ya ce yana godiya ga duk wanda ya taɓa sa hannu a wannan hidima, Ubangiji ya san su ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya san gidajensu, su sa ido yana tafe. Ya ce daga yau lokacin nan na masu kwance ne. Sannan ya buɗe littafi ya koma cikin kifi. Ya daɗe a can, bai yi gaggawar fito da mutumin ba. Ya yi magana a kan addu'ar da ake yi a wurin da ba taga, inda ba mai ganinka balle ya ce sannu, ya ce ita ma tana isa. Injiniya da ya saba hamma ya tallafe haɓa yana ji. Da kifi ya amayar da mutumin a gaɓa, saura kaɗan in tafa.

Sai yawon godiya ya fara. Kawu yana bayana da jakarsa, muna shiga lungu muna fita. Wasu sun karɓe mu hannu biyu. Mai Gawayi ta share mana wuri, ta ce ita da ma kunya take ji, kowa ya san ciwon ƙafarta har masu bin ta bashi. Mijinta ya riƙe hannun Kawu ya ƙi saki. Wasu kuma suka gaisa da mu a tsaye. Mai koren fenti ya aiko yaro ya ce ba ya nan, alhali ina hango takalminsa a ƙarƙashin labule.

Mai Kemis bai ɓoye ba, kuma na girmama shi a kan haka. Ya sa aka kawo mana kujeru a bayan kanta, tsakanin kwalayen magani, ya saurari godiyar Kawu har ƙarshe, wadda ba gajera ba ce.

Ya ce, "Malam, ni ɗan kasuwa ne, ba zan yi maka ƙarya a gaban Allah ba. Baikona ina ba da shi a coci, ba mai ji. Wannan kuwa rabi don Allah nake yi, rabi don kemis. Ka cire rabin kemis."

Kawu ya ce, "To a bar rabin Allah mana."

Mai Kemis ya yi dariya har tumbinsa yana rawa, ya ce rabin ba zai biya gidan rediyo ba. Ya ce zai ci gaba da ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, amma nauyin garin can ya sauke. Suka yi addu'a tare, ya ba Kawu maganin ɗigawa a kunne kyauta, muka fito.

Ƙarshen watan shirin garin can ya tsaya. Wannan ya ci Kawu a rai ƙwarai. Kwana da kwanaki yana cewa akwai wata tsohuwa da takan bugo daga can, ko wa zai gaya mata ba mantawa aka yi da ita ba. Gudummawa ta ci gaba da raguwa har rabin awar namu ma ta gagara. Zancen gidan rediyo na uku ya mutu ba wanda ya yi masa jana'iza, kwamiti suka daina zama. Fasto bai ce na gaya maka ba, amma ya yi ajiyar zuciyar da ta fi faɗa ciwo.

Manajan gidan rediyo ya kira Kawu ya ce yammacin Lahadi akwai masu layi da kuɗi a hannu. Abin da zai iya yi masa shi ne kwata ɗaya a tsakiyar mako da tsakar rana, lokacin da ba mai so don kowa yana wurin aiki, shi ya sa yake da araha. Na ɗauka Kawu zai ji an wulaƙanta shi. Ya yi ɗan tunani ya tambayi manajan, wanda ba ya wurin aiki da tsakar rana, ina yake? Manajan ya ce yana gida mana, ko asibiti. Kawu ya ce a rubuta masa.

Yanzu haka ake ciki. Ya koma shago, yana yanka yana haɗawa, ranar shiri ya wanke hannu da omo in kai shi saman bene. Abokan Hidimar da suka rage ba su da yawa, abin da suka kawo ya ƙara da na ƙofa ko taga ya biya. Wani wata ya isa, wani wata matarsa ta rage cefane tana magana ƙasa ƙasa. Kaka ta ce tsakar rana ta fi mata, da ma da yamma gyangyaɗi take yi.

Kwanan baya na ɗauki wata mata mai sharar asibiti, da kayan aikinta a leda. A hanya ta tambaye ni ko ni ne mai ɗaukar malamin nan na rediyo. Ta ce a ɗakin maza inda take shara, ranar shirin sukan ɗora rediyo a taga, har wanda ba Kirista ba yakan ce a ƙara murya, in an gama kuma su yi ta gardama a kan labarin har lokacin allura. Da na sauke ta ta biya ni kuɗina, sannan ta ƙara wasu a dunƙule ta ce in kai masa. Na ce wa zan ce? Ta ce ka ce wata, ta shige ƙofar asibiti.

Na kai wa Kawu. Ya tambayi sunanta na ce ban sani ba. Gidanta fa? Ban sani ba. Ya dube ni kamar na yar da kuɗin a kwata, ya ce yaya za a yi mutum ya bayar a rasa inda za a gode masa. Ya ajiye abin waldarsa ya ce tashi babur.

Mun je asibitin. Masu shara a wurin sun fi a ƙirga, duk riga iri ɗaya, ni kuma bayana take zaune, ban riƙe fuskarta ba. Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, kowacce ta ce ba ita ba ce. Da ya ga haka sai ya gode musu duka, har da wani namiji mai tura keken marasa lafiya. Mai gadi ya zo ya roƙe mu mu rage murya, akwai masu barci.